Malam Uwaisu Ya Gani Kafin Ya Tafi

Daga Ƙungiyar Ɗalibai Masu Nazarin Taurari ta Unguwar Kilomita Biyar, Bangui, zuwa ga iyalan marigayi da al'umma baki ɗaya.

Kafin komai ina neman afuwar iyayenmu malamai, da limamai, da dattawan unguwa, da 'yan kasuwar Titin Koudoukou waɗanda suka san marigayi tun ba a haife ni ba, saboda ƙarfin halin da na yi na ɗaukar alƙalami a wurin da ya kamata manya su yi magana mu kuma mu sunkuyar da kai. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a sakandare, kuma Sango, harshen da kowa ke ji a wannan ƙasa, ya fi Hausa saurin zuwa bakina, kamar yawancin sa'o'ina. Amma ƙungiyarmu ta ɗora mini wannan aiki, kuma wanda zan rubuta a kansa bai taɓa yarda ɗalibi ya ce masa ba zai iya bayani ba. Duk inda na kuskure, a yafe mini.

Cikin alhini mai nauyi, da sallamawa ga hukuncin Ubangijin da ya ɗaga sammai ba tare da ginshiƙi ba, Ƙungiyar Ɗalibai Masu Nazarin Taurari ta samu labarin rasuwar ubanta kuma wanda ya kafa ta, malaminmu mai haƙuri, dattijon arziki, Alhaji Malam Uwaisu Abdulmutallib, tsohon malamin kimiyya a makarantun sakandare na wannan birni, wanda Allah ya karɓi ransa a gidansa da hantsin Juma'ar da ta gabata, bayan doguwar jinya ta ciwon suga, aka kuma sallace shi a Masallacin Koudoukou bayan an sauko daga Juma'a. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mahaifiyarmu, uwargidansa, Hajiya Kubura, da 'yarsa Hajiya Amira da sauran 'ya'yansa da rikici ya raba da wannan gari suke zaune a Kamaru, da jikokinsa, da dukan ɗaliban da suka bi ta hannunsa, Musulmi da Kirista.

Akwai kuma wani dalili da ya sa ƙungiya ba ta tsaya ga gaisuwar baki ba. A wurin zaman makoki mun ji mutane da dama suna cewa: kaico, Malam ya yi shekara da shekaru yana jiran hoton farko na babban madubin hangen nesan nan da aka harba sama, hoton ya zo ya tarar da shi ba ido. Hajiya Amira ma da aka ba ta waya ta gaisa da mu, kuka ya ci ƙarfinta, ta ce abin da ya fi yi mata ciwo shi ne Baba ya tafi cikin duhu, bai ga abin da ya fi so ya gani ba. Ƙungiya ta umarce ni in gyara wannan magana a rubuce, cikin ladabi, domin mu muna wurin. Malam ya gani. Zan faɗi yadda aka yi, amma sai na fara daga farko.

Marigayi ya koyar da kimiyya fiye da tsawon rayuwar yawancinmu, kuma ya yi ritaya gab da ɓarkewar rikici. Abin da ya rage masa daga shekarun aikinsa, ban da ɗalibai, shi ne madubin hangen nesa guda ɗaya da ya sayo ta Duwala, dogon bututu baƙi mai ƙafafu uku. A shekarar da aka kewaye unguwarmu, makarantu suka rufe, yara suna zaune a gida ba abin da suke koya sai bambance ƙarar bindiga, Malam ya hau da madubin kan rufin siminti na gidansa, ya aika a kira 'ya'yan maƙwabta. Yayyenmu da suka fara zuwa sun ba mu labari cewa ba a yi kwana biyu ba samarin da ke tsaron unguwa suka buga ƙofa da gindin bindiga, suna tambaya wane ne ya kafa makami a kan rufi, kuma wa yake auna. Duk wanda ya zauna a Kilomita Biyar a wannan lokaci ya san ba su yi wauta ba: dogon bututu baƙi a kan ƙafafu uku, bakinsa yana kallon wajen Miskine, unguwar maƙwabtanmu da rikici ya raba mu da su, ba wanda zai ce na karatu ne. Da waɗanda ke ɗaya ɓangaren ne suka fara hango shi, da watakila ba a rubuta wannan saƙo yau ba.

Malam ya hau da su, ya sa kowannensu ya kafa ido, suka ga ramukan da ke fuskar wata. Babbansu ya sauko yana girgiza kai, ya ce: «Baba, mun yarda, amma wallahi ka canza masa kama, kada ka ja mana harsashi.» Washegari Malam ya naɗe bututun da zanin atamfa mai furanni ja da rawaya, don duk wanda ya hango daga nesa ya ɗauka shanya ce. Hajiya Kubura ta leƙo ta ce: «Malam, zanin da na je bikin ƙanwata da shi ka ɗaura wa bututu?» Ya ce: «Hajiya, ai ya fi yi masa kyau.» Ta ce to Allah ya sa bututun ya iya dafa tuwo. Har yau zanin yana jikinsa, rana ta cinye furannin, kuma ba wanda ya san madubin da wani suna a unguwa sai Mai Zani.

Daga nan ne ƙa'idar ƙungiyarmu ta samo asali, kuma ita ce babbar hidimar da marigayi ya yi mana. Lokacin kallo gajere ne, daga sallame magariba zuwa fara dokar hana fita, ido ɗaya kawai madubin ke ɗauka, yara kuwa sun yi layi har bakin tsani. Ga kuma Hajiya, wadda ciwon gwiwa ya hana ta hawa ko sau ɗaya, tana zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Sai Malam ya kafa doka: duk wanda ya kafa ido, dole ya faɗi abin da yake gani da ƙarfi, yadda na ƙarshen layi zai amfana kuma Hajiya za ta ji daga ƙasa. Kowa da harshen uwarsa: mu 'ya'yan Hausawa da Hausa, ko da tana mana gardama, 'yan Miskine da suka fara zuwa bayan hanya ta buɗe, da Sango. Kuma an haramta kalma ɗaya. Idan ka ce «yana da kyau», ko ka ce «pendere mingi», wato ya yi kyau ƙwarai, sai Malam ya dafa kafaɗarka ya ce: «Kyau ba bayani ba ne. Koma bayan layi ka nemo baki.» Daga ƙasa kuma sai ka ji Hajiya ta ɗaga murya: «Ni dai ban ga komai ba tukuna, ku ƙara!»

Da haka muka koyi cewa tauraron Zuhal yana sanye da zobe kamar faifan da aka huda aka zura lemo a tsakiya, Mushtari yana tafe da ƙananan watanninsa a jere kamar ɗinkin allura, kuma taurarin da kakanninmu ke kira kaza da 'ya'yanta sun fi abin da ido ke ƙirgawa yawa nesa ba kusa ba. Da haka kuma, ba mu ankara ba, Hausar da ke neman kuɓuce mana ta dawo bakinmu.

Marigayi bai taɓa ruɗinmu cewa Mai Zani babban madubi ne ba. Yakan ce wannan ɗan ƙanen madubai ne, yayyensa suna kan duwatsu da cikin hamada da can sama inda babu gajimare. Shi ya koya mana cewa haske tafiya yake yi, kuma yana ɗaukar lokaci, saboda haka duk wanda ya hangi nesa, zamanin da ya wuce yake kallo. Shi ya gaya mana cewa ranarmu ɗaya ce cikin gungun taurari masu ɗimbin yawa, kuma gungunmu ɗaya ne cikin gungu-gungu da ba a gama ƙirgawa ba. Shekarar da masana suka haɗa faya-fayan sauraro na nahiyoyi daban-daban suka zama kamar madubi guda mai faɗin duniya, har suka ɗauko hoton inuwar baƙin rami, wurin da nauyinsa ya kai ko haske ba ya kuɓuta, Malam ya manna fuskarsa a jikin waya, domin a lokacin idonsa ya riga ya fara rauni. Ya ce: «Ku duba, mutanen da ba sa jin harshen juna sun haɗa kunnuwansu sun ga abin da ba ya ganuwa. Mu nan titi ɗaya ya raba mu da Miskine.»

Amma wanda ya fi sa rai a kansa shi ne madubin James Webb. Ya san labarinsa tun ana ƙera shi, ya kuma ji haushin duk ɗage tafiyarsa da aka yi, kamar fasinjan da direba ke ta ce wa saura mutum ɗaya. Ya sa mun yanka kwali gida-gida masu kusurwa shida, mun jera su a tabarma kamar saƙar zuma, don mu gane yadda aka naɗe madubin mai ruwan zinariya aka sa a cikin roka, da yadda zai buɗe kansa da kansa a can nesa bayan wata, inda babu makanikin da zai je gyara. Ya bayyana mana cewa hasken gungun taurari mafi nisa, saboda doguwar tafiya a cikin sararin da ke ta buɗewa, ya miƙe har ya wuce ja, ya zama irin wanda idon ɗan Adam ba ya kamawa, kuma wannan madubi don irin wannan haske aka yi shi.

Ranar da aka harba shi, a ƙarshen shekarar bara, Malam ba ya bambance komai sai haske da duhu. Kafin azumi wannan ma ya tafi. Ƙafafunsa suka kumbura, ya daina hawa rufi, aka fito masa da gado ƙarƙashin rumfa kusa da inda Hajiya ke zama, mu muna sama muna faɗa, su biyu suna ƙasa suna ji. Duk wanda ya zo gaishe shi, addu'a ɗaya Malam yake roƙon a yi masa bayan ta cikawa da imani: Allah ya kai shi ranar hoton farko. Mu kuwa tsoro biyu muke ɗauke da shi. Na farko kada ya tafi kafin ranar. Na biyu, wanda ba mu iya faɗa wa juna ba, idan ranar ta zo, me za mu miƙa wa mutumin da ba ya gani?

Ranar ta zo a makon Babbar Sallah, naman layya bai gama bushewa a kan igiya ba. An wuni ana ruwa, layin waya yana zuwa yana ɗaukewa. Shugaban ƙungiyarmu, Luqman, ya je shagon intanet a Titin Koudoukou ya sauko da hoton a wayarsa, ya shigo bayan la'asar jiƙe sharkaf, wayar tana cikin leda. Muka kewaye gadon. Kuma dole in faɗi gaskiya: da hoton ya buɗe, duk horon da aka yi mana ya gudu. Wani ya ce Subhanallah. Priska, 'yar'uwarmu ta Miskine, ta dafe baki ta ce «pendere mingi».

Malam ya juyo da fuskarsa wajen muryoyinmu ya ce: «Wa ya faɗi haramtacciyar kalma a gidana? Priska, ke ce, na san muryarki. Koma bayan layi.» Muka fashe da dariya, wasu da hawaye. Ya ce: «Ku yi layi. Ni ne Hajiya yau.» Hajiya ta ce: «A'a, ba a ƙwace mini kujera ba, sai dai mu zauna mu biyu.»

Muka yi layi a cikin rumfa kamar a kan rufi, waya tana wucewa daga hannu zuwa hannu. Luqman ya fara: baƙin ƙyalle ne, an watsa masa riɗi, babu inda za ka ɗora yatsa ba ka taɓa ƙwaya ba. Malam ya ce: «Riɗin duk iri ɗaya ne?» Sharifa, ma'ajiyar kayan aikinmu, ta ce a'a, wasu farare ne masu hazo kamar auduga, wasu suna da hannuwa a murɗe kamar ruwan da ke juyawa a bakin kwata, wasu kuma ƙanana ne ƙwarai, ja kamar ɗigon manja. Ya ɗaga yatsa: «Ku riƙe jajayen nan. Su ne tsofaffi. Haskensu ya baro gida tun babu rana, babu ƙasar da muke kai.» Priska ta dawo daga bayan layi ta faɗa da Sango cewa akwai 'yan kaɗan masu tsinkaye shida dogaye, suna walƙiya kamar ɗan kunnen amarya. Ya ce: «Waɗannan tongolo ne na gidanmu, wato taurarin kusa, sun tsaya a bakin ƙofa ne kawai. Ki leƙa ta bayansu.»

Da layi ya zo kaina, abin da na gani ban san sunansa ba. Na ce akwai waɗansu a tsakiya da ba su da siffar ƙwaya, an ja su an lanƙwasa, suna kewaye farin hazon kamar yankan farce, ko kamar rubutun da aka kalla ta gindin kofin shayi na gilashi. Malam ya yunƙura zai tashi zaune, Luqman ya tallafe shi. Ya ce in sake faɗa, da ƙarfi. Na sake. Ya ce: «Allahu Akbar. Nauyin gungun gaba ne ya lanƙwasa hasken na bayansa, ya zama musu gilashi. Shekaru ina zana wannan da alli a kan allo, yara suna cewa Malam ya cika tatsuniya.»

Sai ya tambaya ko an faɗi girman yankin saman da aka ɗauka. Luqman ya karanta masa: gwargwadon ƙwayar yashi ɗaya idan mutum ya ɗora ta a kan yatsa ya miƙe hannunsa. Malam ya ce: «Hajiya, ba ni yashi.» Ta duƙa da gwiwar nan tata, ta lakato daga jiƙaƙƙen tsakar gida, ta zaɓi ƙwaya ɗaya ta ɗora masa a kan manuniya. Ya miƙe hannunsa waje da rumfa, wajen sama, yayyafi yana sauka a kansa. Ya daɗe a haka. Ya ce: «Duk wannan a bayan ƙwayar nan. To, sauran saman fa?» Ya sauke hannu ya ce: «Alhamdu lillahi. Na gani.»

Hajiya ta ce: «Ni ma na gani. Kuma ni tun da can da haka nake gani, ban taɓa jin an cuce ni ba.»

Hajiya Amira, ga abin da mahaifinki ya ƙara, kuma saboda ke musamman ƙungiya ta ce in rubuta shi. Luqman ya ce masa da ma da idonsa ya kalla. Malam ya ce: «Kai ma ba da idonka ka kalla ba, ɗana. Hasken nan babu ɗan Adam ɗin da idonsa ke kama shi. Madubin ya karɓa, masana suka fassara shi zuwa launin da kuke iya gani, ku kuka fassara mini zuwa Hausa da Sango. Fassara ɗaya kawai kuka fi ni kusa.» A kwanakin da suka biyo baya mun kawo masa sauran hotunan: tsaunukan ƙura da iska inda ake haihuwar sababbin taurari, da tauraron da ke mutuwa yana yaye rigunansa ɗaya bayan ɗaya, da alamar tururin ruwa a iskar wata duniya mai kewaya wata rana dabam. Bai bar mu mun tsallake ko ɗaya ba, kuma sau biyu ya mayar da shugabanmu bayan layi.

Saboda haka ƙungiya tana sanar da iyalansa na nesa da na kusa, da duk wanda ya tausaya masa a wurin makoki, cewa Alhaji Malam Uwaisu Abdulmutallib bai tafi cikin duhu ba. Ya roƙi Allah abu, an ba shi. Ya kafa doka don matarsa da yaran ƙarshen layi, a shekarar da ba wanda ke tunanin gobe, Allah ya ajiye masa amfaninta har ranar da ya buƙace ta. A unguwar da aka san ta a rediyo da labarin harbi, ya bar 'yan mata da samari da za su iya kallon abin da ya fi komai nisa su faɗe shi da bakinsu har tsohuwa ta gani.

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki, Mai hasken sammai da ƙasa, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa ya haskaka shi, ya mayar masa da ganinsa fiye da yadda yake, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Muna roƙon ya ba Hajiya Kubura, da Hajiya Amira da 'yan'uwanta, da jikoki, da dangi, haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya har 'ya'yansa su dawo su hau rufin mahaifinsu.

A ƙarshe, muna da roƙo ga mahaifiyarmu. Hajiya, ƙungiya ta yanke cewa ba za mu hau rufi mu cika miki gida da hayaniya ba har ki fita takaba. Mai Zani zai zauna a ɗaki da zaninsa. Amma madubin can na sama ba ya takaba, hotuna za su ci gaba da zuwa, kuma ba mu saba gani mu kaɗai ba. Idan kin yarda, ina neman izini in riƙa rubuto miki abin da muka gani, Sharifa ta kawo ta karanta miki a rumfa. Idan bayanin bai isa ba, ki aiko ta ta ce mana ba ki ga komai ba tukuna, za mu ƙara.

Nuriyya Alhasan
Mai magana da yawun Ƙungiyar Ɗalibai Masu Nazarin Taurari
Unguwar Kilomita Biyar, Bangui
Zulhajji 1443, Yuli 2022